Ƙidayar Gujungu

Na tambayi 'yan ajina arba'in da uku:
in kun gama, ina kuka dosa?
Ashirin da shida suka ce likita.
Tara kwastan, don sun ga wani bene a Ringim.
Sauran suka sunkuyar da kai,
ɗaya ya ce, "Duk inda Allah Ya ajiye ni, Malam."
Na ce amin.
Amma ko makaho yakan aika sanda gaba kafin ƙafa.

Ran Lahadi na hana su barcin hantsi,
na raba musu fallen takarda da guntun fensir,
muka hau akori-kura sai Gujungu.
Na ce ban aike ku jin kuɗin akuya ko mudun riɗi ba.
Tambaya ɗaya ce:
wa ake jira a nan, bai zo ba?

Lawisa ta dawo da sunaye goma sha ɗaya,
duk 'yan noman rani a bakin fadama.
Injin ban-ruwa mai shan hasken rana ya tsaya,
mai gyaransa yana Kano,
kwana tara wayarsa na cewa a sake gwadawa.
Tumatir ya gaji da jira, ya kwanta.

Sagiru ya shiga kara, wajen shanu.
Wani dattijon makiyayi ya riƙe masa hannu:
"Yaro, in ka san mai allurar dabbobi na gaskiya,
ba masu ruwan kwalba ba,
ni zan zuba masa mai, in dama masa fura."

Barira ta ƙirga teloli, talatin da ɗaya,
takwas suna gyangyaɗi a kan keke.
Masu walda biyu rak,
garemani da ƙyamaren shago sun yi musu layi
har gindin durumin masallaci.

Da dare na kunna 'yar wayata,
na bi tallan guraben aiki na wata shida,
na Dutse, na Haɗeja, na Kano,
ina jan layi a bayan kwalin sukari:
ungozoma, ungozoma kuma, mai awon jini,
malamin lissafi, mai kula da injin casar shinkafa.
Sauro ya ci rabonsa, caji ya ƙare,
ban ga inda aka ce kwali kaɗai ya isa ba.

Litinin muka zube komai a allo.
Alli ya ƙare, muka ƙarasa da gawayi a bango.
Aji ya yi tsit.
Sai Tasi'u na bencin baya,
wanda tun farkon zango ban san muryarsa ba,
ya ɗaga hannu:
"Malam, kai wa ya ƙirga maka?"

Babu.
Mai shagon cike fom ne ya zaɓa mini,
layi ya yi tsawo, azahar kuma ta kawo jiki.
Shekara shida ina yawo da ambulan
har ya yi laushi kamar tsumman goge tukunya.
Ban faɗa masa duk wannan ba.
Na ce, "Shi ya sa."

Ummulhairi kuwa ba ta goge nata ba.
"Na ga lissafinku," in ji ta, "likita dai."
Na ce kujerun kaɗan ne, masu nema dubbai.
Ta ce, "To faɗa mini makin da ake so."
Na rubuta mata a tafin hannu, ta dunƙule.
Ni dai fitila na kawo, ban zo da dabaibayi ba.

Damina biyu ke nan.
Wasu sun bi bangon, wasu sun manta shi,
ruwa ma ya wanke rabin gawayin.
Amma jiya na bi ta fadama a kan kekena,
na hango Lawisa ta yi ɗamara da mayafi,
ta durƙusa gaban inji, waya ja da baƙa a yatsunta,
dattawa huɗu sun tsuguna a kan kunya,
har da babanta, da ya ce aikin maza ne,
suna jiran abin da za ta ce.